John Thomson, Mai Tsaron Gida, Da Mutumin Da Ya Bari A Baya

Karatu: Joshuwa sura 20

Yau ina so ka biyo ni zuwa Sikotland, ƙasar da take arewacin tsibirin Birtaniya, mu duba rayuwar wani saurayi mai suna John Thomson. Ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne, mai tsaron gida. Shekara 22 kaɗai ya yi a duniya, ya kuma rasu tun 1931, amma har yau mutanen ƙasarsa suna zuwa kabarinsa. Ka karanta a hankali, domin akwai mutum na biyu a cikin labarin, kuma mai yiwuwa kana da irinsa a unguwarku, ko ma a cikin gidanku.

Daga ramin kwal zuwa filin wasa

An haifi John Thomson ran 28 ga Janairu, 1909, a garin Kirkcaldy, a lardin Fife da ke gabashin Sikotland. Ya tashi a Cardenden, wani ƙauyen masu haƙar kwal. Mahaifinsa mahaƙi ne. A irin waɗannan ƙauyuka yaro ba ya daɗewa a makaranta. Da John ya kai shekara 14 sai ya bi sawun mahaifinsa ya shiga rami. Aikinsa shi ne kwance maƙalan da ke riƙe da kekunan kwal a jikin sarƙa, can ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu da ƙura. Aiki ne mai son saurin hannu da kaifin ido, domin in yaro ya yi sakaci zai iya rasa yatsunsa.

Iyalinsa 'yan wata ƙaramar ikkilisiya ce ta Furotesta da ake kira Ikkilisiyar Almasihu. Ba su da fasto mai albashi. Dattawa da 'yan'uwa masu bi ne suke bi da sujada da kansu, suna karatun Littafi Mai Tsarki, suna cin jibin Ubangiji kowace Lahadi. A cikin wannan gida John ya girma, kuma waɗanda suka san shi sun shaide shi da natsuwa, da kunya, da ladabi.

In ya fito daga rami sai ya tafi fili. Ya fara tsaron gida a ƙananan ƙungiyoyin yankinsu, har ya kai wata mai suna Wellesley Juniors. A 1926 Willie Maley, manajan babbar ƙungiyar Celtic ta birnin Glasgow, ya aiki mai nema masa 'yan wasa, Steve Callaghan, ya je Fife ya dubo masa wani mai tsaron gida. Mutumin ya je, ya kalli wasan, sai idonsa ya faɗa kan yaron da ke tsaron ɗaya ragar. Ya koma ya ba da labarin John. Aka ɗauke shi yana ɗan shekara 17, aka ba shi fam 10 kuɗin sa hannu.

Ka lura, ɗan'uwa, ba John aka je kallo ba ran nan. Bai san da wani baƙo a bakin fili ba. Aikinsa kawai yake yi da zuciya ɗaya kamar yadda ya saba.

Katangar da ta raba birni

Kafin mu ci gaba, ya kamata ka san irin birnin da John ya shiga. A Glasgow akwai manyan ƙungiyoyi biyu, Celtic da Rangers. Wani malamin Katolika, Ɗan'uwa Walfrid, shi ya kafa Celtic a 1887 domin a tara kuɗin ciyar da matalauta, yawancinsu baƙi 'yan Katolika da suka yi ƙaura daga Ailan. Rangers kuwa ta zama ƙungiyar 'yan Furotesta, har ta yi shekaru da yawa tana guje wa ɗaukar ɗan Katolika. Sai a 1989 ta karya wannan al'ada a fili. Saboda haka duk ran da ƙungiyoyin nan biyu suka haɗu, abin ya wuce wasa. Akan yi waƙoƙin zagi, akan yi jifa, akan fasa kai. Abin baƙin ciki, dukan ɓangarorin biyu suna kiran sunan Yesu Almasihu ɗaya.

John ɗan Furotesta ne, ga shi kuwa yana tsaron gidan ƙungiyar da ake ɗauka ta 'yan Katolika ce. Bai bar ikkilisiyarsa ba, bai kuma raina abokan wasansa ba. Magoya bayan Celtic suka ƙaunace shi kamar ɗansu. Har magoya bayan wasu ƙungiyoyi suna ganin girmansa. Bai yi wa kowa wa'azin zaman lafiya a kan dandamali ba. Halinsa ne ya yi masa magana.

A bakin raga

A watan Fabrairu na 1927 aka sa shi a babban wasa karo na farko, suka kara da Dundee, Celtic ta yi nasara. Daga nan ya riƙe wurin. Bayan wata biyu, a watan Afrilu, Celtic ta ci Kofin Sikotland bayan ta doke East Fife da ci 3 da 1. East Fife ɗin kuwa ƙungiya ce ta lardinsu. Yaron da bai daɗe da fitowa daga rami ba, ga shi da lambar yabo yana ɗan shekara 18.

Ba kullum ake cin nasara ba. A 1928 Rangers ta zura masa ƙwallo 4 a wasan ƙarshe na wannan kofi, Celtic ba ta ci ko ɗaya ba. Ya shanye, ya koma bakin aikinsa.

John ba ƙato ba ne. Tsawonsa wajen santimita 175 ne, siriri kuma. Abin da yake da shi shi ne tsalle, da ƙarfin yatsu, da rashin tsoro. A zamanin nan kuwa tsaron gida aiki ne mai haɗari ƙwarai. Ƙwallon na fata ne, in ya sha ruwan sama yakan yi nauyi. Doka ta yarda ɗan wasan gaba ya bangaji mai tsaron gida da kafaɗa. Ba a kuma canja ɗan wasa in ya ji ciwo, sai dai ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma. John ya yi suna wajen faɗawa da dukan jikinsa a ƙafafun ɗan wasan gaba ya ƙwace ƙwallo.

A watan Fabrairu na 1930, a wasansu da Airdrieonians, ya yi irin wannan faɗuwa ya ji mummunan rauni. Muƙamuƙinsa ya karye, haƙarƙarinsa ya karye, ƙashin kafaɗarsa ya taɓu, haƙoransa biyu suka fita. Mahaifiyarsa ta roƙe shi ya bar wasan. Da ya warke sai ya koma. Ba na ce maka ya yi daidai ko ya yi kuskure ba. Kowace uwa da ke da ɗa direban babbar mota, ko soja, ko mai haƙar rijiya, ta san irin wannan fargaba.

A watan Mayu na wannan shekara ƙasarsa ta kira shi. Ya tsare wa Sikotland gida a birnin Faris, suka doke Faransa da ci 2 da nema. Sau huɗu ya yi wa ƙasarsa wasa, ƙwallo ɗaya tak aka zura masa. Na ƙarshe shi ne ran 28 ga Maris, 1931, a filin Hampden na Glasgow, inda suka doke Ingila da ci 2 da nema a gaban mutane sama da 129,000. A watan Afrilu kuma Celtic ta sake cin Kofin Sikotland, ta doke Motherwell da ci 4 da 2 a wasa na biyu, bayan sun yi canjaras a na farko. John ya yi baiko, ana maganar aure. Duk wanda ya dube shi a lokacin zai ce yanzu ne rana ta fito masa. Amma gobe ta Allah ce.

Asabar, 5 ga Satumba, 1931

Ran nan Celtic ta je Ibrox, gidan Rangers. Wajen mutum 80,000 suka cika fili. A cikin 'yan wasan Rangers akwai wani sabon ɗan wasan gaba mai suna Sam English. An haife shi a 1908 a arewacin Ailan, daga baya iyalinsa suka koma kusa da Glasgow, ya yi aiki a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa kafin ƙwallo ya ɗauke shi. Shi ma ɗan talakawa ne kamar John, tsararsa ne kuma. 'Yan makonni kaɗan ke nan da fara wasansa a Rangers.

Aka je hutun rabin lokaci ba wanda ya ci. Da aka dawo da 'yan mintoci kaɗan, sai aka turo wa Sam ƙwallo, ya nufi raga shi kaɗai. John ya fito da gudu, ya faɗa a ƙafafunsa kamar yadda ya saba. Sam ya buga, ƙwallon ya wuce gefen raga, amma gwiwarsa ta haɗu da kan John. John ya kwanta bai tashi ba.

Wasu magoya bayan Rangers da ke bayan raga suka ɗauka ɗan ƙaramin ciwo ne, suka fara sowa. Kyaftin ɗinsu, Davie Meiklejohn, ya ga abin da ya faru da idonsa. Ya taka zuwa wurinsu, ya ɗaga hannu ya tsawata musu, suka yi tsit. Sam kansa, yana ɗingishi, yana cikin waɗanda suka fara kiran masu agaji. Budurwar John tana cikin 'yan kallo. Aka ɗauke shi a kan makara zuwa asibitin Victoria. Wani abokin wasansa, Charlie Geatons, ya tsaya a raga a madadinsa, aka ƙarasa wasan ba ci.

Likitoci suka tarar ƙashin kansa ya fashe ya lotsa ciki. Suka yi masa aiki, amma bai farfaɗo ba. Da ƙarfe 9:25 na daren nan John Thomson ya cika.

Ranar da katanga ta rushe

Aka yi jana'izarsa ran Laraba, 9 ga Satumba, a Cardenden. Wajen mutum 30,000 suka taru a wannan ɗan ƙauye. Jiragen ƙasa biyu suka kwaso mutum 2,000 daga Glasgow, wasu dubbai kuma suka tsaya a tasha suna kallon tashinsu. Shekarar matsi ce, aiki ya yi wuya a dukan Birtaniya, da yawa ba su da sule huɗu na jirgi. Sai suka taka da ƙafa, tafiyar mil 55, wato wajen kilomita 88, suna kwana a hanya. Abokan wasansa suka ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗa zuwa maƙabartar Bowhill. Ɗaya daga cikin 'yan ikkilisiyarsu ya bi da sujadar bisa ga al'adarsu. 'Yan Katolika da 'yan Furotesta suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kuka, mutanen Rangers ma suka zo.

Da labarin ya ƙare a nan, da sai mu ce mutuwar yaron nan ta sulhunta birni. Amma hawayen jana'iza ba su da wuyar bushewa. Abin da mutum zai yi bayan an watse, shi ne gwajin zuciyarsa.

Wanda ya rage

Hukuma ta yi bincike a kan rasuwar John, ta yanke cewa tsautsayi ne, Sam English ba shi da laifi. An ɗauki hoton majigi na wasan, shi ma bai nuna wata mugunta ba. 'Yan wasan Celtic da suke kusa sun wanke shi. Abin da ya fi duka, iyalin John, waɗanda suka fi kowa jin zafin rashin, ba su ɗora masa laifi ba. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Uwar da ta roƙi ɗanta ya bar wasa, ga shi an kawo mata gawarsa, amma gidanta bai nemi a rama ba.

'Yan kallo kuwa ba su bar shi ba. Duk filin da Sam ya je, sai a sami masu yi masa ihu suna kiransa mai kisan kai. Yawancinsu ba su taɓa gaisawa da John ba, ba su kuma rasa kome ba ran nan. So suke kawai su karya masa zuciya domin ƙungiyarsu ta ci wasa. A kakar wasan nan ta 1931 zuwa 1932 Sam ya zura ƙwallo 44 a gasar ƙasa, abin da har yau ba wani ɗan Rangers da ya kai shi a kaka ɗaya. Amma murna ta riga ta fita daga wasansa.

A 1933 ya bar Sikotland ya koma ƙungiyar Liverpool a Ingila, ko ya sami sauƙi. Muryoyin suka bi shi can. Ya sauya ƙungiya, ya sake sauyawa, ya sauka zuwa ƙanana. A 1938 ya ajiye takalmansa tun bai cika shekara 30 ba. Ya rasu a 1967 yana da shekara 58, bayan ya ɗauki wannan kaya shekara 36. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Gwiwar Sam ta kashe mutum ba da nufi ba, amma bakunan da suka bi shi da gangan suka yi nasu aikin.

Biranen mafaka

Yanzu ka koma ga karatunmu na yau. Sa'ad da Isra'ilawa suka shiga ƙasar alkawari, Allah ya umarci Joshuwa ya keɓe birane shida, uku a kowane gefen Kogin Urdun. Duk wanda ya kashe mutum bisa kuskure, ba tare da tsohuwar ƙiyayya ba, zai gudu zuwa ɗaya daga cikinsu. Zai tsaya a ƙofar birni ya faɗa wa dattawa abin da ya faru, su kuwa su karɓe shi, su ba shi wurin zama, kada su bashe shi ga mai neman fansar jini. A Maimaitawar Shari'a sura 19 an ba da misali da mutum biyu da suka je saran itace, ruwan gatarin ɗaya ya fice daga ƙota ya kashe ɗan'uwansa. Allah bai ce ran mamacin ba shi da daraja ba. Amma ya san akwai bambanci tsakanin mugun nufi da tsautsayi, ya kuma tanadi wuri domin wanda ya rage.

Sam English ya yi ta neman irin wannan birni daga fili zuwa fili. Kotu ta buɗe masa ƙofa, iyalin mamaci suka buɗe masa ƙofa, taron jama'a suka rufe.

Kai fa?

Ɗan'uwa, ba sai ka je Glasgow ba kafin ka gamu da Sam English. Akwai direban da yaro ya faɗo masa kan hanya, birki bai kama ba. Akwai ungozomar da ta yi iyakar ƙoƙarinta, jariri bai zo da rai ba. Akwai yarinyar da aka bar mata ƙaninta, ta juya baya kaɗan, ya faɗa rijiya. Akwai uban da ya yi jinkirin kai ɗansa asibiti saboda ba kuɗi a hannu. Shekaru sun wuce, amma har yanzu in sun shigo sai a yi shiru, in sun fita sai a nuna su da baki. Wasu daga cikinsu suna zaune a layin baya na majami'arku kowace Lahadi.

Ka tambayi kanka, a wane gefe kake tsaye? Kana iya zama ɗaya daga cikin masu ihu, waɗanda ba su rasa kome ba amma suna jin daɗin maimaita labarin. Kana iya zama kamar Meiklejohn, wanda ya juya ya tsawata wa mutanensa na kansa, abin da ya fi tsawata wa abokan gaba wuya. In kuwa kai ne aka yi wa rashin, hanyarka ta fi ta kowa tsanani, ban kuma raina hawayenka ba. Amma ka tuna da gidan mahaƙin kwal ɗin nan na Cardenden. Mutane ne kamarka, ba su da arziki, ba su da muƙami. Abin da suka saba ji a sujadarsu kowace Lahadi, wato gafarar da Almasihu ya yi mana, shi suka aikata a ranar da ya fi wuyar aikatawa.

In kuma kai ne wanda ya rage, kai ne hannunka ya yi kuskuren da ba ya gyaruwa, to ka ji wannan da kyau. Allahn da ya keɓe birane shida domin irinka bai sāke ba. Yesu Almasihu shi ne mafakarka, ƙofarsa kuwa a buɗe take dare da rana. Kada ka ci gaba da hukunta kanka a kan abin da Allah bai lasafta maka a matsayin kisan kai ba. Ka nemi wani dattijo mai tsoron Allah ka buɗe masa zuciyarka, ku yi addu'a tare.

A 2008 aka sa sunan John Thomson a cikin jerin gwarzayen ƙwallon ƙafa na Sikotland. A 2011, da ya cika shekara 80 da rasuwa, wasu magoya baya suka sake taka hanyar nan da ƙafa daga Glasgow zuwa kabarinsa. Ya cancanci a tuna da shi, gama ya yi aikinsa da aminci, ya zauna lafiya da mutanen da aka koya wa tsararsa su ƙi. Amma in kana so ka girmama irin wannan rayuwa, ba sai ka yi tafiyar kilomita 88 ba. Wataƙila gidan da ya kamata ka je bai wuce taku ɗari daga ƙofarka ba. Ka je yau, ka yi sallama, ka zauna, ka gaishe shi kamar yadda kake gaishe shi a dā.

Addu'a

Ya Uba na sama, kwanakinmu suna hannunka, ba mu san abin da yamma za ta kawo ba. Ka koya mana mu yi aikin da ka ba mu da aminci tun muna da rai. Ka tsare bakinmu daga ƙara wa mai rauni ciwo. Ka ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, ka ba su ikon gafartawa. Ka ɗauke nauyi daga zukatan waɗanda tsautsayi ya bi ta hannunsu, ka mai da gidajenmu da ikkilisiyoyinmu wurin mafaka a gare su. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.